Yadda baƙo zai ɗaura auren da doka ta sani a Ingila: takardu da lissafin kwanaki

A Ingila, ko liman ya shafa fatiha, an raba dabino, an yi walima, hukuma ba ta san an yi aure ba sai sunanku ya shiga rajistar gwamnati ta hanyar da dokar aure ta 1949 ta shimfiɗa. Hanyar ba ta da wuya, amma tana da jeri, wanda ya tsallake mataki ɗaya kuma sai ya dawo baya ya sake biyan kuɗi. Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne sa rana tun kafin a san kwana nawa hukuma za ta ci: an kama zaure, an buga kati, uwar amarya ta yanki tikitin jirgi daga Kano, sannan a je ofis a ji cewa sai nan da kwana 70.

Bayanin nan na Ingila da Wales ne. Scotland da tata dokar, zan taɓo ta a gaba. Kuɗaɗen da zan ambata farashin 2024 da 2025 ne, na biza kuwa kusan kowace shekara sai an ƙara, don haka a duba shafin gwamnatin Birtaniya kafin a biya.

Mataki na farko: a idon doka, kana da aure ko ba ka da shi?

Tambayar kamar ta rainin hankali, amma a nan Bahaushe ya fi samun cikas, shi ya sa zan daɗe a kanta.

Idan kana da mata a gida, ko da auren masallaci ne kawai a Gusau ba a taɓa rubuta shi a takarda ba, dokar Ingila ta ɗauke ka mai aure, domin auren ya halatta a ƙasar da aka ɗaura shi. Mai aure kuwa ba ya ƙara aure a ƙasar Ingila. Wanda ya ɓoye ya ce shi tuzuru ne ya yi laifi biyu: ƙarya a gaban jami'in rajista, da aure kan aure, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara bakwai. Cewa addininka ya halatta maka huɗu ba hujja ba ce a kotunsu. Asirin ma ba ya daɗewa, don fom ɗin bizar da ka cika shekarun baya, inda ka rubuta sunan uwargida da 'ya'ya, yana nan a ajiye.

Idan an taɓa aure an rabu, za a nemi shaidar rabuwar. Takardar sakin da aka saba da ita a gida, wadda miji ke yago shafin littafin makaranta ya rubuta layi biyu ya sa hannu ya ba yaro ya kai, ba za ta wuce teburin farko ba. Abin da ake so shi ne takardar kotu ta asali mai hatimi da sa hannun alƙali, da sunayen ma'auratan kamar yadda suke a fasfo, da ranar da auren ya mutu. A arewacin Najeriya kotun shari'a ko kotun yanki ce ke bayarwa. Idan da Hausa, Larabci ko Faransanci aka rubuta ta, kamar yadda 'yan Nijar da Chadi za su samu, sai an haɗa da cikakkiyar fassarar Turanci, mai fassarar kuma ya rubuta sunansa da adireshinsa ya sa hannu. Kai ko amaryarka ba za ku fassara da kanku ba.

Ofishin rajista na gari ba kasafai yake yanke hukunci kan sakin ƙasar waje shi kaɗai ba. Yakan tura takardun babban ofishin rajista na ƙasa da ke Southport, a biya fam 83, ko fam 55 idan a ofishin garin aka duba. Ba a fitar da izinin ɗaurin aure sai amsa ta dawo, tana kuma iya cin makonni. Mai irin wannan takarda kada ya yarda a sa rana kusa.

Akwai wani tarko da dokar iyali ta 1986 ta ɗana wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Duk sakin da aka furta a cikin Birtaniya ba saki ba ne sai kotun ƙasar ce ta yi shi. Mutum yana zaune a Manchester ya aika wa matarsa da ke Zariya saki ta WhatsApp: malamai su ce ya saku, dokar Ingila ta ce har yanzu matarsa ce. Ko da daga baya an kai maganar kotu a Zariya an buga hatimi, sakin da aka fara a Birtaniya aka ƙarasa a waje kotunan Ingila sun ƙi amincewa da shi. Haka sakin baki da bai bi ta kotu ba, ko a gida aka yi shi, ba ya karɓuwa idan ɗaya daga cikin ma'auratan ya shafe shekarar da ta gabaci sakin yana zaune a Birtaniya. Wanda ke cikin wannan hali ya ga lauyan harkar iyali tun kafin ya kai gaisuwa gidan wata.

Wadda mijinta ya rasu, ko wanda matarsa ta rasu, takardar shaidar mutuwa za a kawo. A Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa. Dokar Ingila ba ta san idda ko takaba ba, amma limamin da zai ɗaura zai tambaya.

Sai hali na uku, wanda kan zo wa mutane a ba-zata. Mu a al'adarmu ango da amarya ba sai suna wurin ba: wakili ya nema, waliyyi ya bayar, a biya sadaki, shaidu su shaida, shi ke nan. To idan iyaye sun riga sun ɗaura muku a Katsina kuna can Birmingham, Ingila na amincewa da auren wakilci muddin ya halatta a ƙasar da aka yi shi. Wato ku ma'aurata ne tun tuni, jami'in rajista kuma ba ya ɗaura wa ma'aurata aure. Abin da ya rage muku shi ne ku samo takardar shaidar wancan auren daga gida, ku nemi bizar miji ko mata. Saboda haka a zauna da iyaye a tsayar da magana guda: a gida za a ɗaura ko a can? Kada wani kawu ya yi gaban kansa ranar Juma'a don a faranta wa dangi rai.

Shekaru kuma: tun 27 ga Fabrairu 2023 ba a aurar da wanda bai cika 18 ba a Ingila da Wales, ko da yardar iyaye, kuma shirya irin wannan aure laifi ne ko da na masallaci ne kawai.

Mataki na biyu: bizar da ta dace

Bizar yawon buɗe ido ko ta ziyarar dangi ba ta ba ka damar yin aure ba, ko sanarwar aure ma, wato zuwa ofishin rajista a bayyana niyyar yin aure, ba ta ba ka dama ba. Wanda ya gwada, za a kai rahotonsa Ma'aikatar Cikin Gida, ya ɓata wa kansa suna a neman bizar gaba.

Ga wanda ke wajen Birtaniya hanya biyu ce. Ta farko bizar baƙon aure, wadda a shafin gwamnati sunanta Marriage Visitor. Wata shida ce, kuɗinta fam 127 a farashin Afrilu 2025, ana iya nema tun saura wata uku tafiya, amsa takan fito cikin mako uku. Ba a neman jarrabawar Turanci ko wani adadin albashi, sai shaidar cewa soyayyar ta gaske ce, an shirya bikin, kana da abin ɗaukar nauyin kanka, kuma za ka koma. Komawar dole ce: ba a sabunta ta, ba a juya ta zuwa wata biza daga ciki, ba a aiki da ita. Ta dace da waɗanda za su zauna a gida ko wata ƙasa bayan aure.

Ta biyu bizar baiko, ta wanda zai yi aure ya zauna. Ita ma wata shida ce, amma nauyinta daban. Dole wanda za ka aura ya zama ɗan Birtaniya ko Ireland, ko mai izinin zaman dindindin, ko wanda aka ba mafaka. Tun 11 ga Afrilu 2024 sai yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, ya nuna takardun albashi na wata shida da bayanan banki da suka yi daidai da su, na ƙarshen kada ya wuce kwana 28 a ranar da aka miƙa fom. In da ajiya kaɗai za a dogara, fam 88,500 ne, kuma sai kuɗin ya yi wata shida a asusu. Kuɗin da wani attajirin kawu ya turo makon jiya ba ya shiga lissafi. Sannan sai kun taɓa haɗuwa ido da ido. Auren da iyaye suka haɗa ba laifi ba ne a wurinsu, amma hoto da hirar waya kaɗai ba sa wadatarwa.

Mai neman bizar zai ci jarrabawar Turanci ta matakin farko, ji da magana kawai, a cibiyar da gwamnatin Birtaniya ta amince da ita. Najeriya da Ghana ba sa cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa, duk da Turanci ne harshen gwamnati. Mai digirin da aka koyar da Turanci na iya kauce wa jarrabawar idan hukumar Ecctis ta tantance digirin, sai dai sau da yawa zama jarrabawar ya fi sauri. Akwai kuma gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, a Najeriya akwai a Abuja da Legas, takardar na aiki wata shida. Kuɗin bizar fam 1,938 ne a farashin Afrilu 2025, amsa takan ɗauki mako 12. Mai wannan biza ba ya aiki har sai an ɗaura aure an canza masa takarda, kuma kwanciya asibiti ba kyauta ba ce gare shi, don haka ya yanki inshora.

A ganina, in dai dangin duka ɓangarorin suna gida, ɗaura auren a gida a nemi bizar miji ko mata kai tsaye ya fi sauƙi da araha. Ga lissafin a farashin 2025: hanyar baiko fam 1,938 ne, bayan aure a sake biyan fam 1,321 na canjin biza da fam 2,587.50 na harajin lafiya, jimla fam 5,846.50. Wanda ya shigo da aurensa kuwa zai biya fam 1,938 da harajin lafiya fam 3,105, jimla fam 5,043, kuma yana sauka zai iya fara aiki.

Wanda ya riga yana Birtaniya da bizar karatu ko ta aiki ba ya buƙatar sabuwar biza don ya yi aure. Sai dai ofishin rajista zai tura maganarsa Ma'aikatar Cikin Gida, abin da ke iya tsawaita jira. Ɗalibi ko ma'aikacin kula da tsofaffi kuma ba zai iya ɗauko budurwarsa daga gida da bizar baiko ba. Ko bayan aure ma, tun Janairu 2024 ɗaliban digiri na biyu da ba na bincike ba ba sa kawo iyali, haka sababbin ma'aikatan kula da tsofaffi tun 11 ga Maris 2024.

Mataki na uku: a tsayar da wurin ɗaurin aure

Wannan yana zuwa kafin sanarwa, domin sunan ginin ana rubuta shi a jikin sanarwar. In kuka canza wuri daga baya, sabuwar sanarwa za ku yi, da sabon kuɗi da sabon jira.

Dokar Ingila gini take bi. Ana ɗaura aure a ofishin rajista, ko a otal ko zauren da ƙaramar hukuma ta ba lasisi, ko a wurin ibadar da aka yi wa rajistar ɗaurin aure. Masallatai da yawa ba su da wannan rajista. Wanda ke da ita ma, sai an samu mutumin da aka ba izinin sa hannu a madadin hukuma, ko a gayyato jami'in rajista a biya shi fam 104. Don haka kada a tsaya a tambayar liman ko yana ɗaura aure. A tambaye shi: masallacin nan yana da rajistar ɗaurin aure? Wa zai sa hannu a takardar hukuma? In amsar ta zo da kwana-kwana, a kira ofishin rajista na yankin, suna da jerin gine-ginen.

Hatsarin sakaci da wannan a kan mace yake faɗawa. A shari'ar Akhter da Khan, an ɗaura auren Musulunci a wani gidan cin abinci a Landan a 1998, suka zauna kusan shekara 18, suka haifi 'ya'ya huɗu, ba su taɓa zuwa rajista ba. A Fabrairu 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa a doka ba a taɓa yin aure ba, don haka matar ba ta da hurumin neman rabon dukiya irin na matar aure. Haka abin yake in miji ya mutu bai bar wasiyya ba: dokar gadon Ingila ba ta lissafa ta a matsayin matarsa. Wani binciken da tashar Channel 4 ta yi a 2017 kan mata Musulmi sama da 900 ya gano kusan kashi 60 cikin 100 auren masallaci kaɗai gare su. Waliyyin da ke ba da 'yarsa a can, ya sa rajista cikin sharaɗi, a yi ta kafin fatiha ko a rana guda. "Za mu je daga baya" ita ce maganar da ta kai waccan matar kotu.

Mafi sauƙi shi ne abin da yawancin mutane ke yi: a je ofishin rajista da safe da shaidu biyu, a yi na hukuma cikin minti 15 a kan fam 56, da rana a tafi masallaci. A bikin hukuma ba a karatun Alƙur'ani ko addu'a, doka ta hana haɗa shi da ibada. Guraben mai rahusar kaɗan ne, yawanci tsakiyar mako da safe, a manyan birane kuma sukan cika watanni kafin lokaci. Kiristan da ke son cocin Ingila shi ma, in baƙo ne, ta ofishin rajista zai fara bi.

Mataki na huɗu: kwana bakwai, sannan sanarwa

Kafin a karɓi sanarwarku, kowannenku sai ya zauna cikakkun kwana bakwai a yankin rajista guda a Ingila ko Wales. Ranar isowa ba ta shiga lissafi, ranar zuwa ofis ma haka. Wanda ya sauka ranar 1 ga wata, ranar 9 ce farkon ranar da zai iya zuwa. Idan ɗayanku baƙo ne, tare za ku je, a ofishin yankin da ɗayanku ke zaune. Ba a aika wakili, ba a yi ta waya. A nemi ranar ganawa tun kafin a taso daga gida, don a wasu ofisoshin layin kan kai makonni.

Abin da za ku riƙa, duka na asali: fasfo mai rai, shaidar biza ko izinin zama, hoton fasfo ɗaya na kowannenku, har da wanda ɗan ƙasa ne, sunan wurin bikin, shaidar mutuwar auren baya in akwai, shaidar canjin suna in an taɓa canzawa, da shaidar adireshi. Ta ƙarshen ita ke ba sabon zuwa wahala, tunda ba shi da komai da sunansa. Ana karɓar bayanin banki na cikin wata guda, takardar kuɗin wuta, gas ko ruwa ta cikin wata uku, takardar harajin ƙaramar hukuma ta cikin shekara, lasisin tuƙi, ko yarjejeniyar haya. Baƙo kuwa sai mai gidan da ya sauka ya rubuta wasiƙa da sunansa da adireshinsa da sa hannu, yana tabbatar da ranar da ya sauka, kwanan watan wasiƙar kada ya wuce kwana bakwai. A farashin 2024 kuɗin sanarwa fam 42 ne kowane mutum, ko fam 57 idan za a tura maganar Ma'aikatar Cikin Gida.

A duba rubutun suna da kyau. Fasfo ya ce Mohammed, takardar kotu ta ce Muhammadu, bayanin banki ya sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi: a wurinmu duk mutum ɗaya ne, a wurin jami'in mutum uku ne. A gyara tun a gida da takardar rantsuwa daga kotu.

Ganawar kanta ɗai-ɗai ake yi, a shiga da ɗaya a bar ɗaya a waje. Za a tambaye ki cikakken sunan wanda za ki aura da yadda ake rubuta shi harafi-harafi, ranar haihuwarsa, aikinsa, adireshinsa, ko ya taɓa aure, ko kuna da dangantaka ta jini. Yarinyar da aka tarbiyyantar da cewa ba a kama sunan miji, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi ta ce "shi", a gida an yaba kunyarta. Jami'ar da ke gabanta kuwa abin da ta gani shi ne mace ba ta san sunan angonta ba, ko kuma tilasta mata aka yi, kuma dokar shige da fice ta 1999 ta wajabta mata kai rahoton duk auren da take zargin na neman takarda ne. Namiji ma haka: yawancinmu ba mu riƙe ranar haihuwar kowa ba, wani ko tasa sai ya leƙa fasfo. Ku zauna daren jajibiri ku bi waɗannan tambayoyi. Auren ɗan kawu ko 'yar gwaggo halal ne a dokar Ingila, a faɗi gaskiya in an tambaya. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya zo da tafinta, amma ba wanda zai aura ba.

Mataki na biyar: jira

Ana manna sanarwar a allon ofis cikakkun kwana 28, don mai ƙorafi ya fito. In kun yi sanarwa ranar 3 ga Maris, 1 ga Afrilu ce farkon ranar da za a iya ɗaurawa. Mai bizar baƙon aure ko ta baiko a nan jiransa ya ƙare, tunda an riga an tantance shi.

Sauran baƙi kuwa, ɗalibai, ma'aikata, masu neman mafaka da waɗanda bizarsu ta ƙare, tun 2 ga Maris 2015 ana tura sunayensu Ma'aikatar Cikin Gida. Ita za ta rubuto muku cikin kwana 28 ɗin ko za ta yi bincike. In ta ce za ta yi, jira ya koma kwana 70, wato mai sanarwar 3 ga Maris sai 13 ga Mayu. Za a iya kiranku hira, a nemi hotuna, saƙonni, shaidar ziyara, ko a zo gida. Wanda ya ƙi amsa kira ba za a ɗaura masa aure da wannan sanarwar ba. In kun sauya gida a tsakani ku sanar da su, don wasiƙar da ta tafi tsohon adireshi ba uzuri ba ce. Duk wanda ke wannan rukuni ya yi lissafinsa da 70 tun farko. In an sallame shi a 28, riba ce.

Ana rage kwanakin ne kawai a larura mai tsanani, kamar ciwon ajali. Bizar baƙi ta kusa ƙarewa ko an riga an biya kuɗin zaure ba larura ba ce. Sanarwa na aiki wata 12, don haka mazauna can ba su da dalilin jinkirta ta.

Mataki na shida: ranar ɗaurin aure, da abin da ke biyo baya

Ango da amarya da kansu, shaidu biyu masu fahimtar abin da ake yi, da jami'i. Kowanne zai furta da Turanci cewa bai san wani dalilin doka da zai hana auren ba, sannan ya furta cewa ya karɓi ɗayan a matsayin miji ko mata. Tun 4 ga Mayu 2021 ba a sa hannu a babban littafi, takarda guda ce ake sa wa hannu, kuma ana rubuta sunayen iyaye mata tare da na maza. Ku karanta ta da kyau kafin biro ya taɓa ta, gyara bayan rajista kuɗi ne da wasiƙu. In a masallaci aka yi, dole takardar ta koma ofishin rajista cikin kwana 21. Sai ta shiga kwamfuta za ku iya sayen takardar shaidar aure, fam 12.50 kowace. Ku sayi uku ko huɗu.

Mai bizar baiko ya nemi canji zuwa ta miji ko mata kafin wata shidansa su cika. Ana ba da shekara biyu da rabi, amsa takan zo cikin mako takwas, sai ta zo zai fara aiki. Mai bizar baƙon aure ya fita kafin tasa ta ƙare. In za a yi amfani da takardar auren a Najeriya, sai ofishin tantance takardu na Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya ya buga mata hatimi, sannan a kai ofishin jakadancin Najeriya a Landan, domin Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague da ta sa hatimi ɗaya ke wadatarwa.

Maza su san abin da suka sa wa hannu. Auren rajistar Ingila na mace ɗaya ne, saki da baki ba ya warware shi, kotu ce kaɗai. A Ingila ba a ma karɓar ƙarar rabuwa sai aure ya shekara, daga nan kuma shari'ar kan ci aƙalla wata shida.

Scotland ta fi sauƙi ta wani gefen. Ba a neman zaman kwana bakwai, kuma mutum ake ba izini maimakon gini, don haka limamin da hukuma ta amince da shi zai iya ɗaura auren da doka ta sani a masallaci, a gida ko a fili. Ana miƙa fom mai suna M10 ga jami'in yankin da za a yi bikin, tsakanin wata uku da kwana 29 kafin ranar. Amma a can ana neman takardar haihuwa. Wanda ba a yi masa rajista yana yaro ba sai ya yi rantsuwar shekaru a kotu, ya kai Hukumar Ƙidaya ta ba shi takardar tabbatarwa. Dokar biza da binciken kwana 70 ɗaya ne da na Ingila.

Yadda za a sa rana

A fara daga ranar da ake so a ƙirgo baya. Ga mai bizar baiko: a ware wata biyu na jarrabawar Turanci, gwajin tarin fuka da tattara takardun kotu, wata uku na jiran biza, kwana tara bayan sauka, kwana 29 na sanarwa, sannan a bar aƙalla wata guda tsakanin ɗaurin aure da ƙarewar biza. Daga fara shiri zuwa ranar biki wata bakwai ke nan in komai ya tafi daidai, in kuma ango bai cika wata shida a wurin aikinsa ba sai a ƙara abin da ya rage. Mai bizar baƙon aure wata uku zuwa huɗu sun ishe shi, sai dai ya shirya zaman kusan kwana 40 a can ba aiki, ko ya je ya yi sanarwa ya dawo gida ya sake komawa cikin wata shidan. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke can ya ba da wata huɗu: makonnin jiran ganawa da kwana 70. Mai takardar sakin ƙasar waje, a kowane rukuni yake, ya ƙara wata biyu a kai. Bizar iyaye da 'yan rakiyar amarya kuwa ta ziyara ce ta yau da kullum, ana nemanta tun saura wata uku, kuma kada a yanki tikiti sai ta fito.